Tukunyar Kishmish

Shatu na saman bene tana baza zoɓo a tabarma sa'ad da ta ga kan bishiyar tut ta maƙwabta, mai ƙananan baƙaƙen 'ya'ya masu zaƙi, ya girgiza, ya karkata, ya ɓace a bayan katanga. Ƙarar da take ji tun ɗazu, wadda ta ɗauka ta masu gyaran titi ce, ashe daga gidan Mairama take fitowa. Ko takalmi ba ta tsaya nema ba. Ta fizgi abayarta daga jikin ƙusa, ta sauko, ta tura ƙyauren gidan da ta fi shekara talatin tana shiga kamar nata.

Tsakar gidan ta koma wani wuri daban. Bishiyar na kwance, rassanta sun danne bokitan ban ruwa. Leburori biyu ne, ɗaya riƙe da zarton lantarki, ɗaya yana fizgar tut mai ƙaya daga wayar da aka ɗaura masa a bango, yana tsaki yana tsotsar yatsa. 'Ya'yan da ba su gama nuna ba sun zube, an bi ta kansu da takalmi, ƙasa ta yi jina-jina da ruwansu. Can a inuwar matakala Bandar ne tsaye, autan Mairama, cikin farar jallabiya mai guga, yana danna waya.

"Bandar, me nake gani haka?"

Ya ɗago ya gaishe ta da Larabci, yana kiranta Khala, wato inna, kamar yadda ya saba, sannan ya juya zuwa Hausarsa mai ɗingishi. Ya ce likita ya faɗa masa Ummi ba za ta ƙara hawa matakala ba idan an sallamo ta. Ɗaki zai gina mata a nan ƙasa, da banɗakinta a ciki, sauran filin kuma a shimfiɗa tayil don kekenta ya riƙa tafiya sumul. Yana maganar yana nuna mata inda ƙofa za ta tsaya, fuskarsa cike da jin daɗin mutumin da ya yi abin kirki.

Shatu ta juya ta nuna babban ɗakin da ke bakin ƙofar gida, wanda suke kira majalisi. Ɗaki ne a ƙasa, mai faɗi, mai taga biyu da ke kallon lambun. Ba mai kwana a cikinsa. Daren Juma'a kawai Bandar ke tara abokansa a can su kalli ƙwallo. Ta tambaye shi abin da ya hana a sa gadon tsohuwa a ciki. Ya yi 'yar dariya, ya ce to a ina zai sauki maza idan sun zo?

"Ka tambaye ta?"

"Ya Khala, Ummi ba ta cikin halin da za a dame ta da wannan. So nake ta dawo kawai ta gani."

"Za ta gani kuwa," in ji Shatu.

Mai zarto ya sake kunna injinsa. Ta tsaya ba takalmi a kan 'ya'yan tut ɗin da aka tattake, tana jin sanyinsu a tafin ƙafarta, zuciyarta na tafarfasa, ba ta da hurumin hana kowa komai.

A Misfala, wata unguwa a Makka, aka haifi Mairama. Kakanninta ne suka zo daga ƙasar Katsina a ƙafa, suka yi hajji, suka zauna. Da tsohuwar unguwarsu ta tashi, ita da mijinta Tsoho suka koma Ka'akiyya, suka sami wannan gida mai tsakar gida tsirara, ba komai sai tsakuwa. Tsoho aikin lambu yake yi a Shafa, can saman duwatsun Ta'ifa inda ake sanyi, sai ƙarshen mako yake saukowa. Duk saukowa da buhun ƙasa yake zuwa, baƙar ƙasa mai laushi, wani lokaci da sanda ɗaya ko biyu a naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma. Mutanen unguwa suka yi ta dariya, wai a Makka, garin dutse da rana, za a shuka kayan Ta'ifa. Mairama ba ta kula su ba. Ruwan alwala, ruwan wankin shinkafa, har ɗigon da ke sauka daga na'urar sanyaya ɗaki, ba wanda take bari ya tafi a banza. Ta yi wa shukokin rumfa da tsofaffin buhuna. Wasu suka mutu, ta sake dasawa. Tut ya kama, ya yi tsawo har ya leƙa gidan Shatu. Mai ƙaya ya bi bango yana ba da baƙaƙen 'ya'ya masu rina baki. Tsoho ya rasu, lambun bai rasa ruwa ko yini ɗaya ba.

Shi kuwa kishmish, wanda ta fi ji da shi, ba a ƙasa yake ba. Ɗan ƙaramin itace ne da bai wuce ƙugun mutum ba, a cikin babbar tukunyar yumɓu, 'ya'yansa ƙanana jajaye a jere kamar tsakiya a zare, ga tsami. Ba ya son zafi ko kaɗan, kuma in bai sha sanyi sosai ba, ba ya haihuwa. Don haka da zafi a ɗakin Mairama yake zama, kusa da taga. In sanyi ya shigo sai Abdulganiyyu, maƙwabcinsu da ke ɗaukar fasinja tsakanin Makka da Ta'ifa, ya tafi da shi gonar da Tsoho ya yi aiki, ya bar shi a can har ya fitar da 'ya'ya, sannan ya dawo da shi. 'Yan unguwa sukan ce kishmish ɗin Mairama ya fi su zuwa hutu. Duk wannan hidima, abin da yake bayarwa a shekara bai cika kofin shayi biyu ba.

Shatu ta Sudan ta biyo ta zo garin, tana amarya, ba ta san kowa ba. Ranar da suka tare, kwano ne ya fara leƙowa ta saman katanga, cike da wani baƙin abu da ba ta taɓa gani ba, da murya tana cewa da Hausa, ci, ba ya kisa. Daga ranar Mairama ta zama Yaya. Da mijin Shatu ya rasu ya bar ta da sayar da zoɓo da gyaɗa, a gindin tut ɗin nan ta yi yawancin kukanta. Shi kansa Bandar ɗin a gabanta ya girma, yana yawo da baki shuɗi da riga mai tabo, uwarsa na bin sa da tsumma.

Washegari da la'asar Shatu ta bi Suhaila, yayar Bandar, zuwa asibiti. A mota Suhaila ta roƙe ta kada ta ce komai. Ta ce ita ma ba ta so ba, amma Bandar ne namijin gidan, kuma aikin gama ya riga ya gama, faɗa wa Ummi yanzu ba abin da zai ƙara sai ciwo. Shatu ta juya fuska tana kallon titi.

Mairama ta ƙanƙance a kan gadon. Zuciyarta ce ta gaji, ƙafafunta sun kumbura, ga roba a hanci. Amma idonta na nan yadda yake. Suna gama gaisawa ta kamo hannun Shatu.

"Kina ba su ruwa?"

Kafin Shatu ta buɗe baki Suhaila ta riga ta, ta ce komai lafiya, Ummi, kada ki sa damuwa. Tsohuwa ta gyaɗa kai, ta shiga ba da saƙo. Sababbin rassan mai ƙaya a ɗaure su a waya kafin su faɗo ƙasa. Kada a ba da ruwa da tsakar rana. In tut ya nuna a shimfiɗa tsohon zanen gado a girgiza, kada a bar yara su hau, reshen gabas ya tsufa. Kwanon farko a kai wa matar liman, tana da ciki, tana kwaɗayinsa. Duk saƙon da ta faɗa sai Shatu ta ce, to Yaya. Kowane "to" kamar tsakuwa take haɗiya.

Da suka fito baranda ta tsayar da Suhaila. Ba ta ɗaga murya ba, saboda wurin marasa lafiya ne. Ta ce tunda take ba ta taɓa yi wa matar nan ƙarya ba, yau ga shi sun sa ta yi, a kan gadon ciwo. Suhaila ta fashe da kuka, Shatu ba ta rarrashe ta ba.

Makonni aka yi ana gini. Ƙurar siminti ta hana ta shanya zoɓo. Daga saman bene take kallon leburori suna kwashe baƙar ƙasar da cebur, suna zubawa a kwandon shara na bakin titi tare da fasassun bulo. Ƙasar da Tsoho ya ɗauko buhu-buhu daga saman dutse, Mairama ta yi shekaru tana ciyar da ita da ganyen shayi da ɓawon ƙwai. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne bakin mutane. A shagon burodi, a ƙofar masallaci, ko'ina maganar ɗaya ce, Allah Ya yi wa Bandar albarka, ɗa na gari, dubi irin ɗakin da yake gina wa mahaifiyarsa. Masu faɗin haka kuwa babu wanda bai ci tut ɗin gidan ba, su da 'ya'yansu.

Da hantsi aka sallamo Mairama. Bandar da kansa ya ɗauko ta daga mota ya sa ta a keke, ya miƙa wa matarsa waya ta ɗauki hoton shigowar. Aka buɗe ƙyaure duka biyu. Shatu na tsaye a gefe, ta kafe fuskar tsohuwar da ido.

Rana ta daki farin tayil ta dawo, har sai da Mairama ta runtse ido. Da ta buɗe, ta dubi inda tut yake, ta dubi bangon da aka yi wa sabon fenti, ta dubi sama, wadda a da ba a ganinta daga nan sai ta tsakanin ganye. Ta daɗe tana kallo. Hannunta da ke kan cinyarta ya motsa kaɗan, ya koma ya kwanta.

"Ummi, ya kika gani?" Bandar ya sunkuyo yana murmushi.

"Ya yi fari," in ji ta. Can kuma ta ce, "Ku kai ni ciki. Rana."

Ɗakin bai rasa komai ba. Gado mai tashi da kwanciya da maɓalli, sabuwar na'urar sanyi, talabijin a bango yana nuna masu ɗawafi dare da rana. Tagar ɗaya ce, can sama, da gilashin da ba a ganin waje ta cikinsa. Mairama ta sa aka juya ta ta fuskanci bango. Abinci sai cokali biyu ta kawar da kai. Ba ta yi wa kowa faɗa ba, ba ta ambaci lambun ba, ko sau ɗaya. Bandar kuwa duk baƙon da ya zo dubiya sai ya zagaya da shi ya nuna masa ƙarfen dafawa na banɗaki da gangaren da aka yi wa keke.

Kullum Shatu na can daga safe har azahar, tana matsa mata ƙafa. Wata rana da suka rage su biyu ta kasa riƙewa, ta fara kame-kamen maganar asibiti, tana neman gafara. Mairama ta katse ta ba tare da ta juyo ba.

"Na sani tun ina can. Lokacin tut ya yi ya wuce, kina zuwa mini hannunki fari, ba kwano." Ta mayar da numfashi. "Na Shafa fa? Ko shi ma Bandar ya tuna da shi?"

Sai a lokacin Shatu ta tuna. Ciwon ya kwantar da Mairama kafin lokacin saukowar kishmish, kuma cikin ruɗanin asibiti ba wanda ya aika a ɗauko shi. Tana komawa gida ta kira Abdulganiyyu. Ya ce ai masu gonar sun sha tambayarsa, tukunyar na nan a inuwar bango, ta yi 'ya'ya fiye da bara. Ya ce gobe in Allah Ya so da ita zai sauko.

Ya iso gab da azahar. Tukunyar na kujerar gaba, ya ɗaura mata bel, ya juya mata iskar sanyi, fasinjojinsa sun matsu a baya suna gunaguni. Shi da Shatu suka kinkimo ta suka ratsa tsakar gidan. Sun kai bakin sabon ɗakin ke nan Bandar ya fito daga majalisi, ya sha gabansu.

Ya ce ba za a shiga da wannan ba. Ƙasa ce, akwai ƙwari, akwai ƙwayoyin cuta, likita ya hana ko fure a ajiye kusa da ita. A bar shi a waje, in ta ji sauƙi a turo ta ta gani. Abdulganiyyu ya sauke gefensa a hankali, ya ja baya, ya shiga duba makullin motarsa kamar bai taɓa ganinsa ba.

Abin da Shatu ta daɗe tana haɗiyewa ya taso mata gaba ɗaya. Ta tambaye shi ko likitan ne ya ce ya sare tut. Ko likitan ne ya ce a zubar da ƙasar ubansa a shara. Ko likitan ne ya rubuta cewa kujerun abokansa sun fi ƙarfin gadon uwarsa. Ta ce ya gina wa tsohuwa akwatin sanyi ya saka ta a ciki, yana kiran mutane su zo su yaba masa, ita kuwa tana narkewa a gabansa bai ko lura ba, don bai taɓa tsayawa ya tambaye ta abin da take so ba.

Fuskar Bandar ta canza. Hausar ta gudu daga bakinsa, ya koma Larabci tsantsa. Ya ce shi ne ya kwana a kujerar asibiti, shi ne yake ɗaga ta yana kwantar da ita, shi ne likita ke kira in numfashinta ya sarƙe. Duk abin da ya yi don ita ya yi. Wannan gaskiya ne, Shatu ta san gaskiya ne, kuma bai rage mata fushi ko kaɗan ba. Sannan ya ƙara da Hausa, a hankali, don ta ji da kyau.

"Ke maƙwabciya ce, ya Khala. Wannan maganar gida ce."

Shatu ta buɗe baki za ta mayar masa. Sai ga muryar Mairama ta fito daga ɗakin, siririya amma ba rawa a cikinta.

"Bandar. Ka bari a shigo mini da shi. Ko shi ma masu zarton za ka kira?"

Ba wanda ya motsa. Bandar ya tsaya kamar an zuba masa ruwa. Can ya sunkuya, ya rungumi tukunyar shi kaɗai, ya ɗaga ta da nishi, ƙasa na gogar farar jallabiyarsa, ya shiga da ita ya ajiye a gefen gado.

Mairama ta sa aka ɗaga mata kan gadon. Ta miƙa hannu ta shafa ganyen, ta juya bayansu tana dubawa, ta tura yatsa cikin ƙasar. Ta ce mutanen gonar sun cika masa ruwa, kullum sai ta faɗa musu. Ta ce a bar ƙofa a buɗe, tunda tagar ɗakin ba ta da amfani. 'Ya'yan na rataye zare-zare, kore, wasu sun fara haske. Ta tsinki ɗaya ta sa a baki ta tauna. Fuskarta duka ta tattare, idonta ya kawo ruwa, sai ga ta tana dariya, dariyar da ba a ji ba tun kafin asibiti, har tari ya sarƙe ta. Da ya lafa ta tsinki wani ta miƙa wa ɗanta. Ya karɓa ya jefa a baki ya haɗiye bai tauna ba, kamar ƙwayar magani. Shatu ta gani, ta yi ƙwafa a ranta.

"Da saura," in ji Mairama. "Sai ya yi ja tukuna."

Kwanakin da suka biyo baya ta daina fuskantar bango. Takan sha ɗan romo, takan sa Shatu ta jiƙa tsumma ta goge ganyen ɗaya bayan ɗaya. Ta ba ta labarin ranar da Tsoho ya kawo shi, sanda tsirara ba ganye, ta yi masa tsiya wai ya rasa tsarabar da zai kawo mata sai asuwaki. Bandar kan tsaya a bakin ƙofa in ya dawo aiki, ya gaishe ta, ya dubi tukunyar, ya wuce. Tsakaninsa da Shatu gaisuwa ce kawai, ita ma a taƙaice.

Wata safiya, Suhaila na kicin tana dama mata kunu, Mairama ta ce a juya tukunyar, gefe ɗaya ne ke samun haske. Shatu ta durƙusa, ta kama bakin tukunyar da hannu biyu tana murzawa a kan tayil, tana tambaya ko ya isa haka. Ba a amsa ba. Ta sake tambaya, ta waiwaya. Kan tsohuwar ya ɗan karkata a matashi, idonta a buɗe yana kallon wajen ƙofa. Shatu ta tashi, ta goge ƙasar hannunta a zane, ta rufe mata ido, ta yi salati. Sannan ta je ƙofar kicin ta ce wa Suhaila ta sauke tukunyar kunun.

Bayan la'asar aka yi mata salla a Masallacin Harami, maza suka kai ta maƙabartar Shara'i. Kafin magariba an jera kujeru a titi don maza, an ja fitilu. Mata kuma aka shimfiɗa musu darduma a tsakar gida, aka kafa fankoki, don tayil ɗin ya sha rana yana mayar da zafi har bayan faɗuwarta. Aka yi ta zagayawa da gahawa da dabino. Shatu na zaune a lungu tana jin ana ta maimaita maganar nan, Allah Ya ba kowa ɗa irin Bandar, ta cika a ɗaki mai kyau, ba ta nemi komai ta rasa ba. Wata mata daga unguwar Aziziyya, mai ƙiba, tana fifita da gefen mayafi, ta ce ai gara ma da ya yi wannan gyara, in ba haka ba da a ina duk jama'ar nan za ta zauna?

"Da a inuwa kuka zauna," in ji Shatu.

Matar ta dube ta, ta dubi na kusa da ita, sannan wata ta ɗauko zancen tsadar haya.

Tun ranar farko aka kwashe kayan sabon ɗakin, masu abinci suka mayar da shi wurin zuba shinkafa a faranti. Shatu ta tambayi Suhaila inda aka kai tukunyar, ta ce mata an ajiye ta wuri mai kyau, kada ta damu. Ta tambayi matar Bandar, ta ce tana jin an hau da ita sama. Sama kuwa a kulle. Sai rana ta uku, da tsakar rana, da ta zagaya bayan gida zubar da ruwan wanke-wanke, ta gan ta. Tana waje a jikin katanga, tsakanin tukwanen gas da buhunan shara, inda babu ko inuwar waya. Ganyen sun ƙone sun naɗe kamar an gasa su. 'Ya'yan sun motse sun yi launin ƙasa. A bakin tukunyar an cusa kofunan takarda, da ƙwallayen dabino, da guntun sigari, wani ma ya juye ragowar gahawa a ciki.

Shatu ta ajiye bokitin. Ta durƙusa a kan kwalta mai zafi tana tsince kofunan ɗaya-ɗaya, ba kuka take ba. Ta gwada ɗaga tukunyar, ta fi ƙarfinta. Tana cikin jan ta a ƙasa inuwar mutum ta faɗo mata. Bandar ne, ya fito raka wasu baƙi, idonsa ja, gemunsa ya yi kwana uku ba gyara. Ya dubi tukunyar, ya dubi sharar da ta tara a gefe. Ya ce wallahi bai sani ba, masu abinci ne. Shatu ba ta ɗago ba.

Ya sunkuya ya kama gefe ɗaya, ta kama ɗaya. Da suka iso kwanar ya nufi ƙofarsu, ita kuma ta ja wajen tata. Suka tsaya haka, tukunyar na tsakaninsu. Ta ƙi sakin gefenta. Shi ya sassauta, ya bi ta. A ɗan siririn zaurenta suka sauke ta, kusa da buhunan gyaɗa, inda rana ba ta kaiwa.

Ya miƙe yana karkaɗe hannu. Ya tsaya kamar mai neman kalma a Hausar da ba ta ishe shi ba.

"Zai rayu, ya Khala?"

"Ban sani ba. Wadda ta sani kun kai ta Shara'i."

Ya fita ya ja mata ƙyaure.

Shatu ta ɗebo ruwa a kofi ta zuba a gindin kaɗan-kaɗan, tana jira ƙasar ta shanye kafin ta ƙara. Ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafa, ta jawo tukunyar tsakanin gwiwoyinta, ta shiga cire ƙonannun ganyen tana tarawa a cinyarta. Ta bayan katanga ana jin masu ba da hayar kaya sun fara haɗa kujeru da fankoki, ƙarfe na gogar tayil.